Cikin da Ba Ni Na Yi Ba, Shi Ya Aurar da Ni

Inna ba ta kiran sunana. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu na Birni, can bayan fadar Sarkin Damagaram inda gidajen ƙasa suka jingina da duwatsu, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. "Ke" take ce mini. In da baƙi a tsakar gida, sai ta ce "waccan". Matar da sunana ma ya yi wa nauyi a baki, ita ce aka bar wa aikin zaunar da ni ta yi mini bayanin jinin al'ada da yadda mace ke ɗaukar ciki.

Ina CM2, ajin ƙarshe na firamare, na fara ganin jini, ana tsakiyar darasin lissafi. Na zaci ƙusar benci ce ta yanke ni. Na kwance kallabi na ɗaura a ƙugu, ana tashi na zarce gidan Gwaggo wajen taubashiyata, wadda ta girme ni da shekara guda. Ta yi mini dariya har da riƙe ciki, ta yago tsohon zane ta nuna mini yadda ake ƙunzugu, sannan ta juye mini duk ilimin da take da shi: "Daga yau, in namiji ya taɓa ki, shi ke nan kin yi ciki." Sati guda na yi ina ƙin karɓar alli daga hannun mushe, malamin ajinmu. A makarantar allo malam ya karantar da mu cewa mai haila ba ta salla, ba ta azumi, in ya ɗauke ta yi wanka. Karatu ne mai kyau, har yau da shi nake aiki, amma a nan ya tsaya. Darasin haihuwa kuwa na lakwal, makarantar boko, sai a manyan azuzuwan kolej ake yin sa, ni ban kai can ba.

Taubashiyata ba a sa ta lakwal ba, talla take yi. Da safe ƙosai, da rana kwaɗon zogale, da marece gyaɗa da goro, tsakanin Kasuwar Dole da tasha. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce rashin tausayi ne uwa ta ɗora wa 'yarta tire, amma tallar nan da dalilinta. Uwa tana cikin kulle, 'yar ita ce ƙafarta. Ribar kuma adashi take shiga, adashin ya zama kwanuka da samiru da gado da katifa, domin amaryar da aka kai ta ɗaki ba jere ta shiga uku da gorin dangin miji har ta tsufa. Don a fidda yarinya kunya ranar biki ake aika ta tasha cikin maza tun tana shekara tara.

Sai ga 2005. Fari da fara sun cinye amfanin gonar bara, buhun hatsi ya kai jaka talatin, mutanen ƙauye suna jiƙa anza suna ci. Mijin Gwaggo ya tafi cin rani ba aike. Adashi ya watse, kuɗin talla ya koma na tiyar hatsin da za a ci a daren. Ranar da taubashiyata ta dawo da kwantai kuwa, faɗa ne, wani lokaci har da bulala.

Akwai wani mai shago a bakin tasha, sa'an ubanta, da matansa biyu. In ya hango ta sai ya ce, "Nawa ne duka?" Ya biya, ya ɗora dala ashirin a kai. Daga baya sai ya fara cewa ta shigar masa da tiren ciki. Gwaggo tana ganin tire na dawowa wayam tun kafin la'asar, ba ta taɓa tambayar wane ne wannan mai son gyaɗa haka ba. Na yi shekaru ina jin haushinta a kan wannan. Da na yi nawa 'ya'yan, na ga ranar da tukunya ba ta hau murhu ba, haushin ya ragu, amma ban ce ya ƙare ba.

Iya, kakarmu, ita ta gano cikin bayan an gama girbi. Wuyan yarinyar kawai ta duba. Maza suka taru a zaure, aka aika wa mutumin, ya rantse bai san zancen ba. Manya suka ce a bar kaza cikin gashinta, tonon silili ba zai ƙara wa zuri'a komai ba sai zubar da mutunci. Da daddare aka sa ta a mota aka kai ta wani ƙauye a ƙasar Miriya wajen dangin ubanta. Shi kuwa da safe ya buɗe shagonsa, yara masu talla suka ci gaba da wucewa ta gabansa.

A lokacin na ci satifika, ina ajin farko na kolej, ban fi wata biyu da shiga ba. Ina son lissafi, kayena, littafin rubutuna, ba ya rabuwa da jan bik ɗin yabo. Wani dare ina wanke-wanke na ji Baba yana ce wa Inna, "In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa." Iya ta ɗora da cewa a zamaninsu yarinya ba ta yin haila biyu a gidan ubanta, yanzu ne aka tsiro da ajiye balagaggu a gida ana cewa boko. Ban san ni ce gemun da za a shafa wa ruwa ba, sai da aka ce daga Litinin in bar zuwa lakwal.

Madam ɗinmu ta Faransanci ta zo har gida. Baba ya shimfiɗa mata tabarma a zaure, ya sa aka kawo mata ruwa, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Madam, na gode da ƙauna. Amma in yarinyar nan ta ɗauko abin kunya, ke za a nuna da baki a masallaci ko ni?" Ina laɓe bayan ƙyaure ina jira in ji amsarta. Shiru ta yi, ta sha ruwan, ta yi sallama.

Ba na son a ɗauka Baba mugu ne. Tela ne mai tsoron Allah, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Tsoro ne ya kama shi, kuma duk unguwar ta yaba masa da hangen nesa. Bayan babbar salla, a watan Janairun 2006, aka ɗaura mini aure da ɗan abokinsa, saurayi mai shekara ashirin da bakwai da ke ɗauko kaya daga Kano ta Daura da Matamaye. Shekarata goma sha huɗu da 'yan watanni. Sai da na girma na ji cewa dokar ƙasa ta ce mace sai ta kai goma sha biyar, namiji goma sha takwas. Wannan dokar ta masu zuwa ofishin magajin gari ce. Namu auren a ƙofar gida aka ɗaura shi, da liman da goro da dabino, ba wanda ya nemi takardar haihuwata.

An yi lalle, an yi wankan amarya, gwaggwanni suka zagaye ni da nasiha. Yi na yi, bari na bari. Ki yi haƙuri, aure ibada ne. Mata fiye da goma a ɗakin, kowacce ta haihu, ba wadda ta gaya mini abin da ke gabana. Na yi wata guda ina kukan gida.

Wata uku da tarewa uwar mijina ta fara tambaya. In na kai mata ruwan alwala sai ta bi ni da kallo ta ce, "Har yanzu shiru?" Maganin hutun haihuwa a lokacin ma akwai shi a likita, amma amarya sabuwa ta doshi wurin? Da an ce ta zo da wata manufa. A wata na huɗu na fara amai, Hajiya ta rangaɗa guɗa, aka yanka mini zakara. Na kwanta ina lissafi, tunda shi na iya: shekarun da taubashiyata take da su ranar da aka fita da ita cikin dare a ɓoye, su ne daidai shekaruna ranar da aka yi mini guɗa.

Awo sau ɗaya na je, shi ma a wata na shida. Cikin fari ɓoye shi ake yi, don kunya da tsoron bakin mutane, kuma Hajiya ta ce su da suka haifi tara a durƙushe wane awo suka yi. A wata na bakwai aka maida ni Birni goyon ciki. Ƙafafuna suka kumbura har silifa ta ƙi shiga, zoben azurfata sai da maƙeri ya yanke shi. Kaina yana sara, idona yana ganin wasu 'yan taurari da rana tsaka. Iya ta ce zaƙi ne ya yi mini yawa, aka hana ni sukari, aka jiƙa mini sassaƙe ina sha safe da marece.

Naƙuda ta tashi ranar wata Laraba da dare. Ungozoma ta zo, tsohuwar da ta yanke cibiyata ni ma. Abin da ta fara gaya mini shi ne kada in kuskura in yi kuka, wadda ta yi raki a haihuwar fari har jikokinta sai sun ji labari. Na cusa bakin zane a baki na cije. Aka kwana, aka wuni, aka sake kwana. Daga gidanmu zuwa asibiti bai fi tafiyar minti goma a mota ba.

Abin da ya faru ranar Juma'a ban san shi ba, ƙanwata ce ta ba ni labari. Ta ce da hantsi jikina ya sandare, idona ya juye, na fara jijjiga ina tauna harshe. Aka ce iska ce. Aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka aika a karɓo rubutu. A zaure kuma maza suna shawara: Baba ya ce matar wani ce, ba zai kai ta a yanka ba da izinin mijinta ba, kuma ina kuɗin aikin? Bai san cewa gwamnatin Tandja ta riga ta mayar da aikin fidda jariri kyauta ba. Mijina yana Kano, salula ba ta yawaita ba, aka tura ƙanena telesantir ya kira shagon ubangidansa, aka ce ya fita sai bayan masallaci.

Da jijjigar ta dawo karo na biyu, Inna ta miƙe. Matar da ba ta taka ƙofar gida sai da dare, ta fita tsakar rana ba mayafi, ta ratsa ta gaban mazan zaure ba ta kalli kowa ba, ta tsaya a tsakiyar titi ta tare taksi. Ƙanwata ta ce a cikin motar Inna ta rungume kaina tana kiran sunana, tana maimaitawa har aka isa. Ni ban ji ba. Na sha roƙon ƙanwata ta kwatanta mini yadda ta faɗe shi, sai ta ce ita ma kuka take yi, ba ta riƙe ba.

Na farka da ɗinki a mara da robar ƙarin ruwa a hannu. Yaron namiji ne, bai zo da rai ba. Kafin in farfaɗo an riga an kai shi.

Wata sajfam, ungozomar asibiti, mai furfura ce ta fara yi mini bayanin jikina, ina da shekara goma sha biyar da wata tara, bayan na riga na rasa ɗa. Ta zauna a bakin gadon ta ce abin da ya same ni hawan jinin masu ciki ne, ya fi kama mai cikin fari da ƙaramar yarinya, kuma kumburin nan da ciwon kai su ne gargaɗinsa. Ta ɗaga abin awon jinin da ke wuyanta ta ce da ina zuwa awo da wannan kaɗai ya isa a gane. Ta ce ƙuguna ma bai gama buɗewa ba, kan yaron ya daɗe a maƙale. Ta nuna mini wata yarinya a gadon ƙarshe da aka kawo daga wajen Tanut, an shimfiɗa mata leda, ta ce ita kwana huɗu ta yi tana naƙuda, yanzu fitsari ba ya tsaya mata. "Ke kin auna arziki, 'yata," in ji ta.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya mayar da alheri. Aka ci gaba da yi mini wankan jego da kunun kanwa kamar kowace mai jego, sai dai ba jariri a gefena. Nonona ya cika ya yi tauri kamar dutse, yana zuba yana jiƙa mini riga, zazzaɓi yana rufe ni.

A dare na tara, bayan an kulle gida, na ji ana ƙwanƙwasa tagar ɗakin a hankali. Taubashiyata ce. Ta biyo motar itace daga ƙauye, goye da ɗanta ɗan wata goma. Ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta ce ita lafiya lau ta haihu, ita kaɗai a bayan ɗaki, ba a yi taron suna ba, ba rago, wani tsoho ne ya raɗa wa yaron suna da asuba. Muka zauna a bakin gado ba mai magana. Yaron ya fara kuka, ta ba shi nono ya tsotsa ya saki, babu komai a ciki. Tana tsoron kada kukan ya tashi Baba. Ban yi shawara da kowa ba, na miƙa hannu na karɓe shi na sa masa nawa. Ya kama da ƙarfi har na ji zafin a ɗinkina. Ya sha, ya sha, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya yi barci da hannunsa a kan wuyana.

Da na ɗaga kai sai na ga Inna tsaye a bakin ƙofa da fitilar ƙwai. Ta daɗe tana kallonmu. Sannan ta ce wa taubashiyata, "Akwai sauran tuwo a madafa." Kwana shida ta ɓoye su a ɗakinta, ina shayar da shi dare da rana. Da Iya ta ji, ta tafa hannu ta ce na jawo wa kaina, yanzu shegen nan ya zama ɗana a shari'a, duk abin da na haifa ƙanensa ne. Na ce mata na sani.

Mijina da ya dawo ya ga yadda na koma, jikinsa ya yi sanyi. Likita ya ce in huta shekara biyu ko uku, shi da kansa yake kai ni allurar hutun haihuwa, Hajiya ba ta sani ba, tana ta nemo mini maganin sanyin mara. Daga baya, wajen 2008, aka fara abin nan na makarantar mazaje a jiharmu ta Damagaram, inda magidanta ke zama suna tattauna awo da haihuwa a likita. Nakan tsokane shi in ce shi tasa makarantar a ƙofar ɗakin aiki ya yi ta. A 2010 na haifi 'yata, da aiki ita ma, amma a ranar da aka sa mini, ina kallon agogo.

Taubashiyata an aurar da ita ta uku a gidan wani dattijo, da sharaɗin ba za ta je da yaron ba. A hannuna ya tashi.

Na taɓa ji a rediyo ana karanta sakamakon babban binciken da aka yi a 2012: a cikin mata ɗari na Nijar masu shekara 20 zuwa 24, 76 an yi musu aure kafin su kai shekara 18, 28 kafin su kai 15, kuma a cikin 'yan mata ɗari masu shekara 15 zuwa 19, 40 sun haihu ko suna da ciki. Na ce ashe muna da yawa. Amma in an zauna a gidan biki ana zancen cikin 'yan mata, ba a nufin irina, irin taubashiyata ake nufi. Nawa cikin ba a lissafa shi cikin matsala tunda an shafa fatiha. Sajfam ɗin nan kuwa da ta duba ni ba ta tambayi ko an biya sadaki ba, shekaruna ta tambaya.

Yanzu laifin duka an ɗora wa salula. Wai WhatsApp da TikTok da samarin fada, masu zaman majalisa a bakin titi, su suka lalata yara. Ban ce ba su da nasu ba, ina da idanu. Sai dai taubashiyata ba ta taɓa riƙe salula ba, tire ta riƙe, kuma har gobe in kin je tasha da marece za ki ga sa'o'in 'yata da tire a ka. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun 'ya mace, yanzu wadda ta yi ciki ko aure tana iya komawa aji. Da dokar ta riske ni da na koma. Amma na san irin bakin da yarinya za ta ratsa daga ƙofar gidansu zuwa ƙofar lakwal, wannan ba a sa masa hannu a Yamai.

'Yata bana tana ajin ƙarshe na kolej. Yayanta ke kai ta a kabu-kabunsa kowace safiya ya ɗauko ta, ba mai iya cewa uffan, nono ɗaya suka sha. Ina kiran sunanta, da gangan, har Inna takan sunkuyar da kai in ta ji. Na yi wa kaina alkawari ni zan gaya mata komai da bakina. Ranar da na shirya, muna zaune a tabarma muna tsinke zogale, na buɗe baki sai na ji harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ashe kunyar nan tana jikina ni ma. Na yi ta kewaye-kewaye, in an ba ki kyauta kada ki karɓa, in an ce shigo ciki kada ki shiga. Ta bar ni na gama wahala sannan ta yi dariya ta ce, "Mama, madam ta riga ta zana mana komai a allo." Can kuma ta daina dariyar, ta ce, "Wane ne baban Yaya?" Na ajiye zogalen na ba ta labarin tire da mai shago, da taksin da Inna ta tare, har aka kira magariba ba mu ɗora tukunya ba.

Makon jiya baffanta ya zo da maganar wani ɗan kasuwa da ya gan ta a hanya, ya ce yarinya ta girma, ido ya fara yawa a kanta. Ina daga ɗaki na ji maigidana ya ce masa a bari ta yi BEPC, jarrabawar gama kolej, tukuna. Bai ce a'a ba, tukuna ya ce. Jarrabawar saura wata biyar, na kuma san baffan zai dawo da goronsa.